An buɗe wa kowa bayanan neman halittun wasu duniyoyi: mu a Sakkwato ina rabonmu?

Nasiru:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai maganar da nake so mu ɗan tsaya a kanta, musamman malaman kimiyya da masu harkar kwamfuta da ke cikinmu.

Tun 1960 masana ke kasa kunne ga sararin samaniya, ko Allah zai sa a tsinci wata siginar rediyo da za ta nuna akwai halittu masu hankali a wata duniyar ban da tamu. Frank Drake ne ya fara, a Green Bank da ke Amurka, inda ya saita farantin rediyo kan taurari biyu, Tau Ceti da Epsilon Eridani. Har yau ba a ji kowa ba. Abin da ya sa na kawo maganar daban ne. A 2015 wani attajiri haifaffen Rasha, Yuri Milner, ya tsaya a Landan tare da Stephen Hawking ya ware dala miliyan 100 don a yi shekara 10 ana wannan aiki, aka sa wa shirin suna Breakthrough Listen. Burinsu su saurari taurari miliyan ɗaya mafiya kusa da mu, da manyan gungun taurari 100 da ke maƙwabtaka da namu. Tun ranar farko suka ɗau alkawarin zuba abin da na'urorinsu suka naɗo a fili, kuma sun cika. A Yunin 2019 sun saki wajen petabayit 1, a Fabrairun 2020 suka ƙara kusan 2. Ba a tambayarka takardar jami'a, ba a karɓar ko sisi, manhajojin da suke tace bayanan da su ma suna nan kyauta a GitHub, shafin intanet da ake ajiye manhajoji.

Ni a wurina haka ya dace. Tambaya mai nauyi irin wannan, ko mu kaɗai ne ko akwai wasu, bai kamata amsarta ta zauna a aljihun 'yan tsirarun mutane ba. To ƙofa a buɗe take. Mu nan me ya hana mu shiga? Ina ganin za mu iya haɗa ɗalibai ko da goma ne mu gwada.

Alhaji Maccido:
Wa alaikumus salam. Malam Nasiru, Allah shi ba ka lada, amma ni wagga magana ba ta zamna mini ba. Mutanenmu na Isa da Sabon Birni ba su kwana da ido biyu rufe, gonaki sun koma daji, gero ya hi ƙarhin talaka. Yaran da kaka karantarwa, wasu ko karin kumallo ba su yi ba sunka taho makaranta. Cikin wanga hali za mu ce su zamna neman mutanen sama? Waɗanda sunka ƙoshi su ka wanga aiki.

Luba:
Wallahi Baba Alhaji ya faɗi abin da ke raina.

Injiniya Sambo:
Ni damuwata ba irin ta Alhaji ba ce, tawa lissafi ne. Petabayit ɗaya gigabayit miliyan ɗaya ne. Mu ƙaddara kana sayen gigabayit a naira 500, to petabayit 2 kawai naira biliyan ɗaya ke nan, kuma ba ka sayi inda za ka zuba su ba tukuna. Ga wuta. Ni a Mabera nake, duk wanda ke unguwar ya san sau nawa ake ganinta a wata irin na Afrilu, lokacin da kwamfuta kanta take kashe kanta saboda zafi. Buɗewar da aka yi, an yi ta ne ga wanda ke zaune a jami'ar da intanet ɗinta ba ya yankewa. Abin da ba ka iya ɗagawa, ko an ce naka ne, suna ne kawai.

Malama Hadiza:
Injiniya, lissafinka daidai ne, sai dai babu mai sauke rumbun gaba ɗaya, har su masu shi. A shafin nasu za ka zaɓi tauraron da kake so, da na'urar da ta saurare shi, da zangon rediyon, ka ɗauki fayil ɗaya ko shida. Gaskiya ne wasu fayilolin suna kai gigabayit da yawa, amma akwai ƙanana.

Bari in ba ku wanda ake fara koyo da shi. Sun saita farantin Green Bank, mai faɗin mita 100, kan kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba tun 1977. Kumbon nan ya wuce kilomita biliyan 20 daga nan, na'urar da yake aiko saƙo da ita kuma ƙarfinta wajen wat 23 ne kacal. Fayil ɗin gwajin bai kai megabayit 100 ba. Idan ka buɗe shi da manhajarsu mai suna blimpy, za ka ga siginar kumbon da idonka, a kusa da megahaz 8,419. Dalilin da ya sa suke koyarwa da shi shi ne, ita ce irin siginar da ake nema: wadda hankali ya ƙera, ta fito daga nesa, ga ta siririya. Taurari da gajimaren iskar da ke sararin samaniya su ma suna fitar da rediyo, amma nasu a baje yake kan zango mai faɗi. Wanda aka matse a ɗan siririn layi, galibi na'ura ce ta yi shi.

Sannan ba dole fayil ɗin ya shigo kwamfutarka ba. Idan ka yi amfani da Google Colab, kwamfutar Google ce za ta jawo shi daga can, ita za ta yi aikin, kai hoton sakamakon kawai zai zo maka. Datar da za ka ci ba ta kai ta kallon bidiyo biyu a TikTok ba.

Bashar:
Malama, da waya ma zai yi? Ba ni da laftof a hannu sai ƙarshen mako.

Malama Hadiza:
Zai yi, amma rubuta kod a waya akwai wahalar ido. Na tura maka layukan ta akwatinka, ba su fi goma ba. Ka kwafa ka liƙa kawai.

Zainab:
Ni ta ɓangaren aikin jarida nake kallon abin, kuma tsoro yake ba ni. Mun san yadda labari ke tafiya a garin nan. Mutum ya ɗauki hoton da bai fahimta ba ya sa a WhatsApp bayan Azahar, kafin Magariba ya kai Illela, an ƙara masa kai da ƙafa. Yanzu a ce kowane yaro mai data zai iya buɗe waɗannan fayiloli, ya ga wani layi ya ce ga aljanu ko ga mutanen sama sun yi magana. Wa zai tsayar da shi? Ko a ƙasashen da suka ci gaba abin ya faru. A ƙarshen 2020 duniya ta ɗauka cewa an ji sigina daga Proxima Centauri, tauraron da ya fi kowanne kusa da rana, ƙarshe ta tabbata ba komai ba ne. A 2022 ma an yi irin wannan hayaniyar kan babban farantin ƙasar Sin. Ba zai fi ba a bar masana su gama tacewa, sannan su ba mu abin da ya tabbata?

Nasiru:
Zainab, misalan nan biyu da kika kawo, ni nake ganin suna goyon bayana.

Ki duba na Proxima Centauri. Farantin Parkes na Ostireliya, mai mita 64, shi ya naɗi bayanan a Afrilu da Mayun 2019. Suka zauna sama da shekara ba wanda ya lura, sai a 2020 wani ɗalibin digirin farko da ya zo koyon aiki, Shane Smith, ya ga wata siririyar sigina a megahaz 982. Aka sa mata suna BLC1. Masu shirin suna cikin bincike a tsakaninsu, ba su fito da maganar ba, sai wani ya tsegunta wa jaridar Guardian ta Ingila a Disambar 2020. Kin ga ke nan jita-jitar daga ɗakin da aka rufe ta fito, ba daga rumbun da aka buɗe ba. Mutane suka yi wata goma suna ta hasashe saboda ba su da abin dubawa. Sai a Oktoban 2021 Sofia Sheikh da abokan aikinta suka wallafa sakamakon a mujallar Nature Astronomy. Sun gano gomman sigina masu kama da ita a wasu zangunan, waɗanda suke bayyana ko an kawar da farantin daga tauraron, wato daga kayan lantarkin mutane ne a nan ƙasa. Kuma suka saki bayanan don duk mai shakka ya je ya duba da kansa.

Na Sin ma haka ne. Farantin FAST, mai mita 500 a lardin Guizhou. Jaridar ma'aikatar kimiyyarsu ce ta buga a Yunin 2022 cewa an ga wasu sigina masu ɗaure kai, daga baya aka goge labarin. Gogewar nan ita ta ƙara wa wutar fetur, kowa ya ce ai ɓoyewa ake. Alhali Dan Werthimer na jami'ar Berkeley, wanda yake aiki tare da su, ya fito ya ce kutsen rediyon mutane ne. Inda ake ɓoyo, nan zargi ke samun gindin zama.

Injiniya Sambo:
Malam Nasiru, ban yarda da kai ɗari bisa ɗari ba. Akwai inda shiru ya yi amfani. A 1967 Jocelyn Bell tana ɗaliba a Cambridge ta ga wata sigina mai bugawa duk bayan daƙiƙa ɗaya da sulusi, ba ta kuskure. Har laƙabin LGM suka sa mata a tsakaninsu, wai ƙananan korayen mutane. Ba su fita da maganar ba. Suka ci gaba da dubawa har ta sake samun irinta a wani sashe na sama daban, suka gane wani sabon nau'in tauraro ne mai juyawa da sauri, sannan suka wallafa a Fabrairun 1968. Da a ce ranar farko aka watsa takardar, me kake jin zai faru?

Kuma ni aikina ke nan, eriya da turakun sadarwa, na san yadda kutse ke yaudarar mutum. A Parkes ɗin nan da ka ambata, an yi shekaru ana ganin wasu sigina masu ban mamaki, ƙwararru suna ta rubutu a kansu. Sai a 2015 aka gano na'urar ɗumama abinci ce ta ma'aikatan wurin. Idan mutum ya yi gaggawa ya buɗe ƙofarta kafin ta tsaya, sai ta saki ɗan guntun rediyo, farantin ya kama. Idan masu digirin digirgir da ke kwana a wurin sun yi shekaru kafin su gane wannan, Bashar da ke Dundaye da waya a hannu ta yaya zai bambance?

Malama Hadiza:
Ba zai bambance komai da komai ba, amma matakin farko a cikin bayanan yake, kuma yaro ɗan aji uku na babbar sakandare zai gane shi. Ga yadda suke naɗa: a saita farantin kan tauraron da ake so minti 5, a kawar da shi zuwa wani wuri kusa minti 5, a dawo, a sake kawarwa, har a yi uku a kai, uku a gefe. Rabin awa ke nan. Siginar da da gaske daga tauraron take za ta fito a ukun da aka saita, ta ɓace a ukun da aka kawar. Wadda ta fito a duka shidan tamu ce: waya, jirgin sama, rada, tauraron ɗan'adam.

Na biyu, duniyarmu tana juyawa, tana kuma kewaya rana, don haka zangon siginar da ta zo daga nesa ba ya tsayawa cak, yana zamewa kaɗan-kaɗan. A hoto sai ka ga layin ya karkace. Wanda ya miƙe sambal, alama ce mai aiko shi yana tafiya tare da farantin, wato a ƙasa yake. Manhajar turboSETI aikinta ke nan, neman karkatattun layuka. Da waɗannan matakai biyu ake zubar da miliyoyin sigina. Abin da ya sa BLC1 ta ba su wahala shi ne ta tsallake duka biyun a kallon farko.

Malam Usman:
Salamu alaikum. Na bi maganganunku tun daga sama, bari in sa baki.

Da farko, ga masu jin kamar binciken nan ya saɓa wa addini, ni ban ga haka ba. A Suratus Shura, aya ta 29, Allah ya ambaci halittar sammai da ƙasa da abin da ya watsa a cikinsu na dabba a matsayin ayoyinsa. Malaman tafsiri sun yi maganganu daban-daban kan abin da ake nufi, ba zan yanke abin da ba su yanke ba. Amma duba sama da tunani a kanta, an umurce mu da shi. Kuma garin nan ba baƙon ilimin taurari ba ne, malamanmu sun karanta hisabi, manomi kuma yana duba Kaza da 'Ya'yanta ya san inda shekara ta kai.

Na biyu, maganar Zainab da Injiniya. Mu nan Sakkwato muna da tsarin da ya warware irin wannan tun da daɗewa. Idan mutum ya ga jinjirin wata a Wurno ko Tambuwal, ba ya hawa babur ya bi gari yana cewa a ɗauki azumi. Yakan kai wa uban ƙasa, a tambaye shi a ina ya gan shi, da wane lokaci, ta wane gefe, akwai wanda ya gani tare da shi. A kai wa kwamiti, a gwama da abin da ya zo daga wasu garuruwa, sannan Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya yi sanarwa. Duk shekara sai an samu wanda ya rantse ya gani alhali ba wata ba ne. Amma ba a taɓa cewa saboda haka a hana jama'a ɗaga kai ba. Dubawa ta kowa ce, sanarwa ce ke da ƙa'ida. Idan labari ya zo, a yi bincike kafin a yi aiki da shi, haka aya ta 6 a Suratul Hujurat ta koya mana.

Nasiru:
Allah ya saka da alheri, Malam. Su ma masu wannan fanni suna da rubutacciyar ƙa'ida da ta yi kusa da haka. Cibiyar masana harkar sararin samaniya ta duniya, IAA, ta fitar da ita a 1989, aka sabunta a 2010. Ta ce wanda ya ga wani abu ya fara tabbatarwa, a nemi wata na'urar a wani wuri daban ta duba, idan ya tabbata a faɗa wa duniya ba ɓoye-ɓoye, a saki bayanan don kowa ya bincika, kuma kada wani ya mayar da amsa sai an yi shawara tsakanin ƙasashe. Sai dai ba doka ba ce, ba kotun da za ta kama wanda ya karya.

Injiniya Sambo:
Malam Usman, ranka ya daɗe, misalinka ya zauna, amma akwai inda ya tsaya. Wata, kowa yana da idon ganinsa. Nan kuwa idon na mutum ƙalilan ne. Su ke zaɓar tauraron da za a saurara, da zangon, da ranar. Idan Bashar ya ga abu a fayil ɗin 2017, ba shi da farantin da zai juya ya sake dubawa, sai ya roƙi masu shi. Siginar nan da ake kira Wow, wadda na'urar Big Ear ta jami'ar jihar Ohio ta kama ranar 15 ga Agustan 1977, daƙiƙa 72 ta yi. Jerry Ehman ya gan ta ne a takarda bayan kwanaki, ya zagaye ta da jan biro. Takardar tana intanet, kowa ya gan ta, yau kusan shekara hamsin ana gardama a kanta, ba ta sake dawowa ba. Ganin takarda bai ba kowa ikon komawa daren ba.

Malama Hadiza:
A nan kam ina tare da Injiniya, har ma zan ƙara masa. Abin da ake kira ɗanyen bayanai, mafi yawansa an riga an taɓa shi. Asalin abin da ke fitowa daga farantin yawansa ya wuce a ajiye, don haka kwamfutocin da ke wurin suke niƙa shi su mayar da shi jadawalin ƙarfin sigina bisa zango da lokaci, su ajiye wannan, su goge mafi yawan na asalin don a samu wurin na gobe. Wanda ya tsara niƙan ya riga ya yanke irin siginar da za ta iya tsira. Idan halittun can suna aiko saƙo ta salon da bai zo a tunaninsa ba, yana iya bin shara ba wanda ya sani. Shi ya sa a wurina buɗe kod ɗin ya kai buɗe bayanan muhimmanci, don a san me aka zubar.

Amma ko a cikin abin da ya rage, sabon ido yana samun abu. Peter Ma a lokacin ɗalibin digirin farko ne a jami'ar Toronto ta Kanada. Ya rubuta manhajar ƙirƙirarriyar basira, aka bi da ita kan tsofaffin bayanan taurari 820 da an riga an tace an ce ba komai, ta tsamo sigina 8 da tsohuwar hanya ta tsallake. An wallafa a 2023. Da aka sake saita farantin ba a same su ba, don haka ba wanda ya ce an gano wani abu. Amma hanyarsa ta shiga cikin kayan aikin fannin. Haka tauraron da ake kira na Tabby: 'yan sa-kai ne a shirin Planet Hunters, ba masana ba, suka lura haskensa yana raguwa da kusan kashi 20 cikin 100 ba bisa tsari ba, a bayanan na'urar hangen taurari ta Kepler da aka buɗe wa kowa. An yi ta zancen ko wani gini ne na wasu halittu, bincike ya nuna ƙura ce ta fi dacewa da abin da aka gani.

Bashar:
Jama'a na gani! Wallahi na gani!

Sau biyu yana ba ni jan rubutu, ashe sunan fayil ɗin ne ban kwafa duka ba. Da na gyara, sai ya ɗan yi jim, sai hoto ya fito. Duk shafin shuɗi ne mai duhu, kamar yayyafi, sai ga wani siririn layi mai haske a tsakiya ya sauko daga sama zuwa ƙasa. Da na matso da hoton sai na ga ba a miƙe yake ba, ya ɗan kwanta gefe guda, daidai yadda Malama ta ce. Da na faɗaɗa zangon kuma sai ga wasu biyu, ɗaya hagu ɗaya dama, nisansu da na tsakiyar ɗaya. Ina zaune a kan benci wajen mai cajin waya a bakin titin Dundaye, caji saura kashi 11, na nuna wa mai shagon na ce wannan daga wani kumbo yake da ya bar duniya tun kafin a haifi babana. Ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo.

Malama, na gefen nan biyu mene ne?

Malama Hadiza:
Madalla Bashar! Na tsakiyar shi ne ginshiƙin siginar, na gefe biyun su ke ɗauke da saƙon da kumbon ke aikowa, wato awon da na'urorinsa suka yi. Ka adana hoton.

Alhaji Maccido:
Yaro ya yi ƙoƙari, Allah shi yi albarka. Amma ni har yanzu ba a amsa mini ba. Ya ga layi, to sai mi? Kuma wani abu: kun ce kuɗin mutum guda na. Ran da yag gaji, ko yac ce a ruhe, wa ka hana shi? Mu 'yan kasuwa mun san mai kuɗi ba ya zuba dukiya inda ba ya da ko sisi na riba sai da dalili.

Nasiru:
Ranka ya daɗe, tambayarka ta biyu ita ce ta fi damuna a duk zancen nan. Aikin ya koma hannun masu kuɗi ne saboda majalisar Amurka ta yanke wa NASA kuɗinsa a 1993. Abin da mutum ɗaya ya bayar don ra'ayinsa, yana iya janyewa. Na'urorin ma ba dawwama suke ba. Farantin Arecibo na Puerto Rico, mai mita 305, ya rufta ranar 1 ga Disambar 2020. Shi ne ya ciyar da shirin neman irin wannan sigina mai suna SETI@home da bayanai, wanda daga 1999 zuwa 2020 mutane sama da miliyan 5 suka ara masa kwamfutocinsu. Su waɗancan aron ƙarfin na'ura suka bayar, sakamakon yana komawa Berkeley. Yanzu kuwa fayil ɗin kansa ake ba ka. Abin da ya riga ya bazu a hannun jami'o'i da mutane da yawa, rufe shi yana da wuya. Don haka yawan masu ɗauka shi ne kariyarsa.

Tambayarka ta farko kuwa, ba zan ce maka layin Bashar zai sauko da farashin gero ba, ba zai yi ba. Amma abin da ya koya yau, jawo bayanai daga rumbu, buɗe su da yaren rubuta kod na Python, raba sigina da hayaniya, shi ne dai ake yi da hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat, waɗanda Amurka ta mayar kyauta tun 2008. Da su ake auna yadda ruwa ke ƙaruwa ko raguwa a dam irin na Goronyo, da inda fadama ke bushewa, da gonakin da aka daina nomawa. Duk wanda ya ga ambaliyar 2010, lokacin da ruwa ya yanke hanyar jami'a, ya san muna buƙatar yaranmu su iya karanta irin waɗannan hotuna da kansu. Ni malamin aji ne. Idan na ce yau za mu koyi jadawali, rabin aji barci suke. Idan na ce za mu nemi wasu halittu, ko fita shan iska ba sa so.

Kuma abin ya zo nahiyarmu. MeerKAT, faranti 64 a yankin Karoo na Afirka ta Kudu, yana cikin na'urorin da Breakthrough Listen ke saurare da su. Babban shirin tarin na'urorin sauraron sama mai suna SKA da ake ginawa can yana da ƙasashen Afirka takwas abokan tafiya, akwai Gana, Kenya, Zambiya, babu Nijeriya. Gana ta ɗauki tsohon farantin sadarwa mai mita 32 a Kuntunse ta mayar da shi na binciken sama, aka buɗe a 2017. Mu muna da hukumar binciken sararin samaniya, NASRDA, tun 1999, da cibiyarta a Nsukka, amma yaron Sakkwato nawa ne ya taɓa jin sunanta? Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Alhaji Maccido:
To ku koya musu na dam ɗin kai tsaye mana. Ni dai nan nit tsaya.

Luba:
Malam Nasiru, in za a haɗa da na hotunan gonaki, ƙanwata tana aji biyu a jami'a, za ta zo. In na taurari ne kaɗai, Baba ba zai bar ta ba.

Injiniya Sambo:
Zan kawo rauta da datar wata ɗaya, da sharaɗi. Duk abin da yaro ya gani, ba Facebook, ba WhatsApp, sai Malama Hadiza ta duba fayilolin shida duka, an kuma rubuta wa masu rumbun an ji ta bakinsu.

Zainab:
Na goyi bayan sharaɗin. In ya so duk wanda zai sa hoto ya rubuta sunan fayil ɗin da ranar da aka naɗe shi a ƙasa, don mai shakka ya je ya buɗe.

Nasiru:
Na yarda da na Zainab. Na Injiniya kuma a rage masa tsauri: a bar su su sa a nan zauren tun kafin a tace, mu gani tare, mu yi musu gyara a gaban kowa. Waje ne za a jira. Luba, za a haɗa da Landsat, mako ɗaya wannan, mako ɗaya wancan.

Malama Hadiza:
Asabar bayan La'asar ta yi mini. Ina da laftof biyu, muna buƙatar aƙalla uku kuma, da wurin da ke da sola. Bashar, kafin ranar ka sa turboSETI a kan fayil ɗin Voyager ɗin nan, ka kawo mana adadin zamewar da ta ba ka, mu gani ko ya dace da karkatar da ka gani a hoto. Wanda ke da wuri a Runjin Sambo ko Gawon Nama ya yi magana, don 'yan jami'a su samu abin hawa cikin sauƙi.